Yadda ake haɗa shagon walda a bayan mota a Kumasi

Akwai aikin walda da ba ya zuwa shago ko da mai shi ya so. Get ɗin gida da ya ɓalle daga ginshiƙi a Kenyase, ƙafar tankin ruwa da tsatsa ta cinye a Asokore Mampong, kwantenar da ɓarayi suka lanƙwasa wa ƙofa cikin dare, tifar da bodinta ya tsage a wurin ɗibar yashi, babbar motar da ta nufi Burkina Faso ta maƙale a hanyar Offinso da karyayyen ƙarfe. Ga kuma sababbin gine-gine ta wajen Abuakwa, Ejisu da Pankrono, waɗanda da yawansu ba a ja musu wutar ECG, kamfanin lantarki na Ghana, ba tukuna, amma suna jiran ƙarfen taga da na matakala. Mu kuwa masu walda mun cunkushe a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota da aikin ƙarfe, da cikin zango, muna zaman jiran aiki ya zo ya same mu. Wanda ya iya ɗaukar wutarsa da injinsa ya kai bakin aiki, shi ke cin wannan kasuwa.

Sai dai abin yana da tsari, kuma a tsarin mota ce ta ƙarshe. Irin aikin da za ka riƙa karɓa shi ke nuna kaurin sandar walda. Sandar ke nuna wutar da za a ja, wutar ke zaɓar janareta, nauyin janareta da sauran kaya kuma shi ke zaɓar mota. Wanda ya fara sayen mota don ta zo masa da araha, daga baya sai ka same shi yana rage sana'arsa don ta shiga bayan motar.

Wane aiki za ka bi?

Zauna ka yanke wannan tun kafin ka taɓa aljihu. In aikin gidaje ne, wato get, ƙarfen taga, rumfa, ƙafar tanki da kwantena, ƙarfen da za ka riƙa haɗuwa da shi ba ya cika wuce kaurin milimita 6. Sandar geji 12, mai kaurin milimita 2.5, da ta geji 10, mai 3.2, sun ishe ka. Ta farko tana cin amfiya 60 zuwa 90, ta biyu 90 zuwa 130. In kuwa tifa da tirela da injinan tono kake hange, to ka shiga yankin geji 8, milimita 4, mai cin amfiya 140 zuwa 180, kuma yini za ka yi kana ƙona ta. Waɗannan sana'o'i biyu ne, jarinsu ma ba ɗaya ba ne. Shawarata ga mai farawa ita ce aikin gidaje. Kuɗinsa ƙanana ne amma ba ya yankewa, kuma masu manyan motoci ba sa miƙa motarsu ga wanda ba su san hannunsa ba.

Inji da janareta

A nan ya kamata ka daɗe, domin a nan yawancin jari ke nutsewa.

Injin walda na inbata, wato ƙaramin injin zamani mai allon lantarki a ciki, mai amfiya 200 shi ya dace da mota. Nauyinsa ba ya kai kilo 10, ana rataya shi a kafaɗa a hau tsani da shi. Taransifomar nan da ake naɗawa da hannu a Magazine tana da ƙarko, kuma in ta ƙone akwai mai sake naɗa ta, amma wurin zamanta shago ne. Tana da nauyi, tana zuƙar wuta fiye da aikin da take yi, ƙaramin janareta ba ya iya mata. In za ka sayi inbata, kada babbar lambar da aka rubuta a gabanta ta ruɗe ka. Akwai masu ɗauke da 300 ko 400 da ba sa fitar da 200 na gaskiya. Juya ta ka karanta ƙaramin allon da ke baya ko ƙasa. A can za ka ga kashi nawa cikin ɗari take iya aiki a kowace amfiya. In an rubuta 60% a amfiya 160, ma'anarsa a cikin kowane minti 10 za ta yi walda minti 6, ta huta 4. Wadda ke ba ka 60% a kusa da 150 ta fi wadda ke alfahari da 300 amma 20% kawai take riƙewa a kusa da 150 ɗin.

Ga lissafin janareta. Sandar geji 10 a amfiya 120 tana aiki da kusan volt 25 a bakin wuta. Ka ninka, ka samu wat 3,000. Amma injin yana ɓatar da wani abu a matsayin zafi, kuma yadda inbata ke jan wuta yana wahalar da janareta fiye da yadda fitila ko dutsen guga ke yi, don haka abin da janareta zai ji a jikinsa ya kusa kVA 5 (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin janareta). Ga kuma fizgar da ke zuwa duk sanda ka ƙyasta sanda a jikin ƙarfe. Ga yaronka da zai so kunna giranda yayin da kake walda, babbar giranda kuwa ita kaɗai tana cin wat 2,000 ko fiye. Shi ya sa kVA 7.5 zuwa 8 ne mafi ƙanƙantar abin da zan ce ka saya. Ka tabbata yana da AVR, abin da ke daidaita wuta kada ta riƙa hawa da sauka, domin wannan hawa da saukar ce ke kashe allon inbata. Janaretoci da yawa suna da lamba biyu, ta ƙarfin da suke kaiwa na ɗan lokaci da ta wanda suke iya riƙewa dindindin. Ta biyun ce taka, kuma ita ce ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe.

Kada ka yarda da gwajin kwan fitila a shago. Tafi da inbatarka, da guntun ƙarfe mai kauri, da sanduna geji 10. Ƙona uku a jere ba hutu, kana sauraron injin. In ya ɗan yi nishi sanda ka ƙyasta sannan ya miƙe, lafiya. In ya riƙa shaƙewa, wutar tana tsinkewa, sanda tana manne wa ƙarfe, ka ba mai shago haƙuri ka ƙara gaba. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Na fetur ya fi sauƙin kuɗi da nauyi. Na dizal ya fi nauyi da tsada amma ya fi jure dogon aiki. Akwai kuma injin dizal da aka haɗa janareta da walda a jiki ɗaya, wanda ake samun tsofaffinsa na Turai. Wannan na masu aikin manyan motoci ne, kuma kafin ka saye shi ka fara neman wanda ke gyara shi a Magazine ka ji ko ana samun kayansa.

Ɗabi'u uku ke tsawaita ran inbata a kan janareta. Ka tayar da janareta ba komai a jone, ya daidaita, sannan ka kunna inji. In ka gama, inji za ka fara kashewa. Kuma kada ka bari mai ya ƙare kana tsakiyar walda, don tangal-tangal ɗin da janareta ke yi kafin ya mutu ya isa ya ƙona allo.

Kebul shi ma abin dubawa ne. Na walda mai kaurin milimita murabba'i 25 ya isa in tsawonsa bai wuce mita 15 ba, in ya fi haka sai 35. Dabarar da ta fi ita ce ka bar kebul ɗin walda gajere, ka tsawaita wayar da ke kawo wuta daga janareta da mai kaurin milimita murabba'i 4, ka ɗauki inbatar zuwa gindin aiki. In wayar a naɗe take a kan gare, ka warware ta duka kafin ka fara, in ba haka ba zafi za ta ɗauka. Wurin saye, ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya bayyana, alminiyom ne aka yi wa riga, zai yi zafi kuma zai karye a wurin lanƙwasa.

Sanda kuwa, mai lamba 6013 ce ta yau da kullum. Ka riƙe 7018 kaɗan don wurin da zai ɗauki nauyi, da 'yan ƙwayoyi na ƙarfen zubi saboda injinan niƙa, da na silba mara tsatsa saboda masu gidajen abinci. Kumasi gari ne mai laima, damina biyu gare shi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Sandar da ta sha laima tana tartsatsi, tana barin ƙananan ramuka a cikin walda. Yanki bututun roba mai faɗi, ka toshe gindinsa, ka sa masa murfi mai zare, ka riƙa ɗibar na yini ɗaya kawai. Ita 7018 ba ta son iska ko kaɗan, kada ka buɗe kwalinta sai ranar aikinta.

Gas: ka ɗan jinkirta

Aikin gidaje kusan duka giranda ke yanka shi. Silindar oksijin cike tana kai kilo 60 ko fiye, ga haɗari, ga ɗawainiyar cikowa. Ka fara ba ita. Ranar da aikin yankan ƙarfe mai kauri ya yawaita har ka ga dole, to ga sharuɗɗan da ba a sassauta su. Silinda a tsaye take tafiya, ɗaure da sarƙa sama da ƙasa, an cire mata regileta an rufe kanta da hularta. Wurinta buɗaɗɗe ne, nesa da janareta da jarkar mai. Mai ko giris ba ya taɓa bakin oksijin, ko da na hannunka ne, don haɗuwarsu wuta ce. Silindar asitilin tana da ruwa a ciki wanda ke riƙe gas ɗin, in ka kwantar da ita ruwan zai biyo tiyo. A kowane layi ka sa abin tare wutar da ke komawa baya. Yoyo da ruwan sabulu ake nemansa. Gas ɗin girki yana yanka da kyau in an haɗa shi da oksijin kuma an sa masa bakin da ya dace, amma ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Duk akwatin da zai zauna a ciki sai an huda gindinsa. Tukunyar kabaid mai fitar da gas ɗin asitilin da ake haɗawa a gida kuwa ba ta da wuri a mota ko kaɗan. Ruwa da kabaid ne a ciki, hanyoyinmu kuma kowa ya san gargadarsu.

Yanzu sai mota

Ɗauki takarda ka tara nauyi. Janaretan fetur na wannan girma yana kusa da kilo 90, na dizal mai rufi yana iya wuce 150. Ƙara akwatunan ƙarfe da kejin da za ka ƙera, bayis, tsani, kebul, jarkar mai da ta ruwa, kai da yaronka, sannan ƙarfen aikin da za ka riƙa ɗauka, wanda shi ne mutane ke mantawa. Abin da ya fito kada ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da motar ke ɗauka.

Aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ce mafi araha, tana kuma kutsawa lungun Aboabo da Asawase inda mota ba ta shiga. Amma ba ta son nauyi a sama, ba ta son doguwar tafiya, kuma a 2023 KMA, hukumar birnin Kumasi, ta taƙaita shigar masu ƙafa uku tsakiyar birni. Ta dace da wanda zai tsaya a unguwanni da janaretan fetur. Abin da ya fi cika ido shi ne ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya irin Kia Bongo ko Hyundai Porter, masu ɗaukar kusan tan ɗaya, waɗanda kayan gyaransu ba sa wuyar samu a Magazine. Rufaffiyar mota irin Sprinter tana tsare kaya daga ruwa da ɓarawo, amma ba na son ta a wannan aiki. Hayaƙin janareta a rufaffen wuri yana kisa ba wari ba gargaɗi, ga tururin fetur yana taruwa. Wanda ita yake da ita, dole ya riƙa sauke janareta ƙasa kafin ya tayar.

Tafi da fita, wato makaniken mota, wanda ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. Ku shiga ƙarƙashi da tocila ku duba shasi, musamman motar da ta fito daga ƙasashen ƙanƙara inda ake zuba gishiri a titi. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tambaya ne. Ku duba sifirin na baya, kuloci da birki. Taya ta zama ta ɗaukar kaya, kuma lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna gaya maka mako da shekarar da aka yi ta. Lambar shasi ta dace da ta takarda, kuma a yi canjin suna a DVLA, hukumar lasisin direba da rajistar motoci, kafin ka ɗora ko da ƙusa ɗaya.

Ƙera bayan motar

Kafin ka yanka ƙarfe, ɗauki alli ka zana wurin kowane abu a daɓen motar, ka ɗora kayan yadda ka zana, ka ja baya ka dube ta. In ta karkata kamar jakin da aka yi wa lodin gefe ɗaya, sake rabo. Mafi nauyi, wato janareta, yana zama daf da bayan kan mota, a tsakiya, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Nauyin da ya koma bayan tayar baya yana ɗage gaba, sitiyari ya yi sako-sako.

Ka ƙera firam daban da angil mai inci 2, a ƙasa, sannan ka ɗora shi ka ɗaure da bol da noti. Mu masu walda komai muka gani sai mu so mu manne shi, amma a nan ka danne hannunka. Shasi ba a yi masa walda, ba a huda leɓensa na sama ko na ƙasa, don daga nan tsagewa ke farawa. Ka bi ramukan da ke jikin bodi, ka sa bol mai milimita 12, da faranti mai faɗi ta ƙasa don kada ya yage daɓe, da notin da ba ya kwancewa da girgiza. Amfani na biyu shi ne, ranar da motar ta kwanta a gareji, sai ka kwance firam ɗin ka mayar kan wata.

Janareta ya zauna a kan roba. Tsofaffin robobin zaman injin mota suna yin aikin sarai. Salansarsa ta kalli waje, gefen da ba na tankin man motar ba, ba ta kallon kan mota, ba ta kallon tamfol. Kejinsa na raga ne ba na faranti ba, da tazarar taƙi biyu ko fiye ta kowane gefe don ya sha iska, da ƙofar da za ta ba ka damar duba mai da jan igiya ba sai ka sauke shi ba. In daɓen motar katako ne, shimfiɗa faranti a ƙarƙashinsa. Jarkar fetur ta zauna a can ɗaya kusurwar cikin nata akwatin mai iska, kuma ba a ƙara wa janareta mai yana da zafi.

Bayis ya hau can baya, a kusurwar da ke nesa da tankin mai, a kan faranti mai kauri da aka ɗaure da firam. Don lanƙwasa da riƙe ƙarfe ne. Walda da yanka a ƙasa ake yinsu, kan ƙaramin teburi mai naɗewa da za ka sauke ka matsar nesa da motar. Sama kuma ka yi ragar ɗaukar dogon ƙarfe, tunda bututu da angil kusan mita 6 suke zuwa. Ka ɗaure su gaba da baya, ka rataya jan ƙyalle a abin da ya fito, ko kuma ka yanka su tun a wurin saye in ka riga ka san awonka. Kada ka mai da saman nan ma'ajiya.

Soket ɗin giranda da injin huda su bi ta ƙaramin akwati mai bireka, da abin yanke wuta na miliamfiya 30 mai faɗuwa in wuta ta bi jikin mutum. Wannan mai aikin lantarki ka ba shi. Abin kashe gobara na hoda mai kilo 6 ya rataya inda hannunka zai kai kana tsaye a ƙasa, ba gefen janareta ba, tunda can ne wutar za ta fi tashi.

In dole ta sa za ka yi walda a jikin mota, taka ko ta wani, cire kan batir, na ragi da farko, ka maƙala at ɗinka, wato matsin kebul ɗin da ake kamawa a jikin ƙarfen aiki, daf da wurin waldar a kan ƙarfen da aka goge. In ka maƙala shi nesa, wutar za ta nemi hanya ta cikin boris da wayoyi, motocin yanzu kuma kwamfuta gare su.

Sauran kayan hannu ka san su: giranda ƙarama da babba, injin huda, guduma, kurfi, magagari, burushin waya, tef, sikwaya, ma'aunin ruwa, matsai iri-iri, tsani, fitila mai caji, jan fentin hana tsatsa. Kowanne da mazauninsa a akwati mai kwaɗo, yadda da kallo ɗaya za ka gane abin da aka baro. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: faifan babbar giranda da ya cinye ba a mayar da shi kan ƙarama a cire mata garkuwa. Na inci 9 an yi shi ne don juyi kusan 6,600 a minti, ƙaramar kuwa tana wuce 10,000. Faifai kuma yana tsufa, ranar ƙarewarsa tana buge a zoben tsakiya.

Da ka gama, ba a fafe gora ranar tafiya. Loda komai, ka bi hanya mai gargada, ka taka birki da ƙarfi a fili, ka dawo ka bi kowane noti da sifana. Bayan mako guda ka sake bi.

Takardu

Takardar lafiyar mota ta DVLA, inshora, da lasisin da ya dace da nauyin motar. Gaya wa DVLA da kamfanin inshora cewa motar ta aiki ce kuma ka yi mata ƙari a baya, kada ranar tsautsayi su ce ba haka suka san ta ba. Yi rajistar sunan sana'a a ofishin rajistar kamfanoni, ka karɓi izinin sana'a a asambili, wato ƙaramar hukumar da kake zaune: Aboabo da Asawase suna ƙarƙashin Asokore Mampong, Suame tana da tata, tsakiyar gari na KMA ne. Lambar Ghana Card ɗinka ita ce lambar harajinka. Takardar gwajin sana'a ba mai gida zai tambaye ka ita ba, amma kamfanonin gini suna tambaya.

In waya ta shigo

Rabin aikin a waya ake yinsa. Kira zai zo: "Masta, get ɗina ya faɗi, zo yanzu-yanzu." Kada ka tayar da mota tukuna. Ka ce, "To Alhaji, ku sa yaro ya ɗauko mini hotonsa ta WhatsApp, gaba da baya, da wurin da ya karye kusa-kusa, ku turo da adireshin GhanaPost." Tambayi ko ginshiƙin ma ya motsa, don in ya motsa aikin magini ne kafin naka. Tambayi ko mota tana isa ƙofar gidan in an yi ruwa. Daga hoton za ka san hinji nawa da wane ƙarfe za ka saya a hanya. Komawa gari neman abu ɗaya da aka manta shi ke cinye ribar yini, musamman in cunkoson Suame ko Sofoline ya riƙe ka.

Da isarka, ajiye motar a wuri mai daidai, ka sa wa taya waigi, ka duba inda iska ke kaɗawa. Kewaye wurin aikin da ido kamar mita 10: busasshiyar ciyawa, katifa, jarka, labule, janaretan maƙwabci. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka ninka wannan duban. Yara za su taru, wannan tabbas ne a zango. Ka sa yaronka ya kore su, ka kafa faranti ko tsohon kwano ya tare hasken.

Kwantena ta fi komai yaudara. Kana waje kana ɗiga walda a hinji, ƙarfen ya yi ja ta ciki, a cikin kuwa an liƙa filawud ko soso, an jingina katan-katan na sabulu da taliya da ledoji. Mai shagon za ta ce, "Haba Masta, ɗan ɗigo biyu ne fa, sai na kwashe duk kayan nan?" Amsarka ita ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, sai an janye su, yarona zai taya ku." A janye kaya, a ɓamɓare filawud ɗin wurin, yaro ya tsaya ciki da bokitin ruwa yana kallon bayan waldar har ka gama. Bayan nan kada ku tafi sai an yi aƙalla rabin awa, ka shafa bango da bayan hannu, ka sunsuna. Lokacin naɗe kebul da karɓar kuɗi ya isa wannan jiran. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ko 112.

In hadari ya sauko, a dakata. Wutar da ke bakin holda kafin a ƙyasta tana iya kai volt 60 zuwa 80, kuma ga mai jiƙaƙƙen jiki da ke tsaye a laka wannan ba wasa ba ne. Busasshen katako a ƙarƙashin ƙafa, safar hannu ta fata ko da sanda kawai za ka canza. Gilashin fuska mai lamba 10 zuwa 12; baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare komai. Idon da ya sha hasken walda sai cikin dare yake tashi, kamar an zuba yashi. Ba a ɗiga masa madara ko baƙin mai ko ruwan sukari. Sanyin ƙyalle da duhu, in ya kwana ya wuni bai sauka ba, ko kana zaton ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, sai asibiti. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen ido. Bututu mai farin rufin zinki yana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓin dare, kuma gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki ba ya hana shi. Goge rufin kafin walda, ka tsaya iska tana kore hayaƙin daga fuskarka.

Akwai ayyukan da za ka ƙi ko nawa aka ɗora: duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, dizal ko sinadari, ko an rantse maka an wanke shi, silindar gas, ƙarfen sitiyari. Haka kiran zuwa bakin kogi gyaran injinan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba. Kuɗin yana da yawa, amma in jami'ai suka dira ba sa tsayawa tantance motar mai walda da ta mai haƙa.

Kuɗi da ajiya

Farashinka kashi biyu ne, kuma ka faɗe su daban tun a waya: kuɗin tashi, wanda ya danganta da nisa kuma ana biyansa ko aikin ya yiwu ko bai yiwu ba, da kuɗin aiki. Don ka san abin da janaretanka ke sha, cika tanki, ka yi awa ɗaya kana walda, ka sake cikawa da gwargwado. Ƙara sanduna, faifai, fenti, abincin yaro da sallamarsa, da wani kaso na gyaran mota da inji da za ka riƙa warewa a wani asusun MoMo, wato na kuɗin waya, daban. Kuɗin ƙarfe a turo kafin ka saya. Aikin da za a iya ƙerawa a gida, kamar sabon get, ka ƙera shi da wutar ECG in akwai, mota ta kai shi a kafa kawai, don wutar janareta ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Rubuta sana'arka da lambar waya a gefe biyu da bayan motar, da Turanci, manyan baƙaƙe, tunda masu kiranka ba 'yan zango kaɗai ba ne. Magina, masu buga bulo, masu aikin famfo da masu injin niƙa su ne za su fi kawo maka aiki. Ka zagaya ka gaishe su, ka bar musu lamba.

Man janareta da awa ake lissafa shi, ba da wata ba: canjin farko bayan kusan awa 20, daga nan ka bi abin da littafinsa ya ce, ka riƙa rubuta awannin a ɗan littafi a cikin mota. Matatar iska tana saurin toshewa da ƙurar hunturu da ta giranda, haka cikin inbata, wadda ake hure wa ƙura da iska bayan an cire ta daga wuta. Motar ta kwana a gida mai get ko wurin da ke da mai gadi, kejin janareta da kwaɗo biyu. Inbata, giranda, sanduna da kebul kuwa a sauke su kowace yamma a shigar da su ɗaki, musamman kebul, don jan ƙarfe yana da masu saye a kilo kuma ba sa tambayar inda ya fito.